Hajiya Kaka da Kwandon Mai

Hajiya Kaka ta iso ɗakin bakwaini na asibiti, inda Malama ma'aikaciyar jinya take kula da jikanta, da kwando a ka, kamar wadda za ta kasa kaya a babbar kasuwar Maradi. Ɗanta Alhaji yana biye da ita, yana lissafin kuɗin adaidaitar da ya biya daga Bagalam.

Hajiya: Ɗiyata, ina angona? An ce mini tun jiya da aka haife shi ko ɗigon ruwa bai taɓa jikinsa ba, kamar wanda ba shi da dangi.

Malama: Sannu da zuwa, Hajiya. Da gangan muka bar shi, domin ya zo a mako na 32, nauyinsa kilo 1 da giram 700, kuma farin maiƙon da ya fito da shi a jiki yana tsare masa fata. Ko wanda ya cika wata tara ba a gaggauta yi masa wanka kafin awa 24, balle bakwaini a cikin wannan hunturu.

Hajiya: Maiƙo! A zamaninmu dauɗa muke ce masa, kuma duk wanda ba a dirje shi ranar haihuwa ba, da wari yake girma.

Ta sauke kwando ta fara jera kaya a bakin gado: man shanu, man kaɗe, man zaitun, hoda mai ƙamshi, kwalli, da wata kwalba marar suna wadda ita kanta ta manta abin da ke ciki.

Hajiya: Wannan man shanun na Bafillatanata ce, shekara 30 ina sayen nata. 'Ya'ya 11 na raina da shi. Dubi fatata, ɗiyata, ki faɗi tsakaninki da Allah shekaruna nawa. A bikin Tibiri sai da aka tambaye ni ko ni ce yayar amarya.

(Waɗanda suka halarci bikin sun ce mai tambayar yana jiran aikin ido ne a lokacin, amma wannan ba huruminmu ba ne.)

Malama: Fatarki ta yi kyau, Hajiya, sai dai tasa ba irin taki ba ce. Saman fatar bakwaini bai gama ƙwari ba, yana da sirantaka kamar ɓawon albasa, saboda haka ruwan jikinsa da ɗuminsa suna fita da sauri, abin da aka shafa masa kuma yana iya ratsawa ciki. Man da aka yi ta tsoma hannu a cikinsa yana iya kai masa ƙwayar cuta, hoda kuwa shaƙarta zai yi ta tafi huhu.

Hajiya: To zaitun fa? Daga Makka na ɗauko shi da hannuna.

Malama: Allah ya maimaita, amma ki ajiye shi don gwiwarki, domin yana iya raunana fata mai laushi irin tasa. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya shafa wa bakwaini mai na zalla, irin man kwakwa, marar turare. Ana zuba kaɗan a hannun da aka wanke da sabulu, a shafa a hankali ba tare da murzawa ba, a kauce wa fuska da duk inda fata ta yi rauni.

Alhaji: Malama, shi wannan man kwakwar jika nawa ne? Ina da man gyaɗa jarka 40 a shago, kuma duk mai, mai ne.

Hajiya: Rufe mana baki! Kai da aka haifa kamar ɗan maraƙi, me ka sani game da bakwaini? Ɗiyata, cibiyar fa? Na zo da tsumman gashi da man goge baki.

Malama: Cibiya ba haƙori ba ce, Hajiya. A bar ta a bushe cikin tsabta, kada a gasa ta, kada a sa mata komai sai abin da likita ya rubuta.

Ana cikin haka wuta ta ɗauke, kamar yadda ta saba yi a daidai lokacin da aka fi bukatarta, ko da yake takardar kuɗinta ba ta taɓa makara ba. Malama ta ciro jaririn daga kwalbar ɗumama jarirai, daga shi sai ƙyalle da hula, ta kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, ta ɗaure da zane.

Hajiya: Subhanallahi! Goyo a gaba? Duniya ta juye!

Malama: Ana kiransa rainon kangaru. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978, da kwalabe suka yi wa jarirai kaɗan. Ɗumin uwa yana riƙe zafin jikinsa, nono kuma yana kusa, kuma ana so a yi aƙalla awa 8 a yini. In uwa ta gaji, uba ko kaka na iya karɓa.

Hajiya: Wace ce Kangaru? 'Yar wace unguwa ce?

Alhaji: Dabba ce, Iya, mai aljihu a ciki.

Hajiya: Ni za a koya wa goyo daga wurin dabba? Ni da na goyi 11, har da tagwaye, ina daka ina surfe! Mutanen Kolombiyar nan a wurinmu suka gani, sai suka mai da shi gaba don kada a gane sata ce. Miƙo mini mijina, in nuna muku yadda ake yi.

Malama: Da farin ciki, Hajiya, amma sai kin wanke hannu, kin kuma wanke turaren da ke ƙirjinki.

Hajiya ta yi shiru, domin humrar nan jika 5 ta saye ta, kuma da safen nan ta shafa. Ta dubi jikanta, ta dubi famfo, sannan ta miƙe tana gyara mayafi.

Hajiya: Zan wanke, amma a shaida ba don Kangaru na yi ba. Kuma ɗiyata, wannan man kwakwar naku, ki ɗan zuba mini a murfi in gwada a fason ƙafata, domin ba na yarda a shafa wa mijina abin da ban bincika ba.

Alhaji: Malama, wanda Iya za ta ɗiba, a cikin lissafina zai shiga?