Wasan taubasai ba shi ne daidaito ba

Da an tabo maganar daidaito wajen aiki sai ka ji wasu nan Maradi na cewa ai mu ba ruwanmu da wariya, muna da wasan taubasai. Gaskiya ne muna da shi, Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bazabarme, har UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2014.

Amma wasa daban, daukar aiki daban. Mai shago zai tsokani Bafillace su yi dariya har hawaye, in ya tashi neman mai rike kudi kuma sai dan kanwarshi, takardun wancan ko budewa bai yi ba. Daidaito ba wai a raba gurabe kabila-kabila ba ne, a bude takardun kowa a duba wa ya iya aikin.