"Ai kuɗina na biya": maganar da ta hana ni barci

Jama'a yau dogon rubutu ne, wanda datarshi ta kusa ƙarewa ya wuce abinshi, ba fushi.

Wani ƙanina ɗan kawuna ya yi aure kwanan nan, Allah ya hore mishi, ya ɗauki amarya suka lula tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya hutun amarci irin yadda yaran yanzu ke yi. Da ya dawo muka haɗu a majalisarmu wajen Wunti bayan isha'i, ya ciro waya yana nuna mana hotuna, kowa na ta Masha Allah, ruwa shuɗi garau, yashi fari fat kamar garin semo. Ni ma na yi ta yabawa har muka iso kan wasu guda biyu. Na farko ya ɗago wannan halittar tekun mai yatsu biyar kamar tauraro, ya ɗora ta a goshi yana dariya. Abin nan fa a cikin ruwa yake numfashi, in ka daɗe da shi a waje mutuwa yake, ka ga kenan an kashe rai saboda selfi. Na biyun shi ya fi ci min rai, bidiyo ne na wata mata a bakin teku tana tattara ciyawar ruwan da matan can ke nomawa suna sayarwa, yana ta matsowa da kyamara, ita kuma tana jan mayafi tana rufe fuska tana juya baya, shi da amarya ana jin dariyarsu a bayan fage.

Na ce mishi kai, ka tambaye ta kuwa kafin ka ɗauka? Sai ya ce "haba Yaya, ai kuɗina na biya. Jirgi, otal, har inshorar dala 44 da suke tilasta wa duk baƙo na biya."

Wlh wannan maganar ce na kwana da ita.

Kuɗinka ka biya, to, na ji. Amma wa ka biya? Kamfanin jirgi ya karɓa, mai otal ya karɓa, gwamnati ta karɓa. Ita matar nan ko sisi ba ta gani ba, kuma ko ta gani ba fuskarta ka saya ba. Mu da a ƙofar gidajenmu ake rubuta BA A SHIGA da gawayi ko fenti, mu da baƙo namiji iyakarshi zaure ko da ɗan uwa ne na jini sai an yi mishi iso, mu ne yau za mu je garin mutane, garin da kusan kowa Musulmi ne irinmu, mu cusa wa matar wani kyamara a fuska? Na tambaye shi in wani Bature ya zo kallon hawan sallah nan Bauchi, ya biya otal ɗinshi tsaf, sannan ya leƙa ta katanga ya ɗauki amaryarka tana wanke-wanke ya ɗora a Instagram, ya za ka yi? Ya ce ai sai dai a raba mu. To ka ji fa.

Abin da yawancinmu ba mu gane ba, mu 'yan tudu da ba mu san teku ba sai a talabijin, tsibiri gida ne mara ƙofar baya. Mu nan in rijiyar unguwa ta ƙafe sai ka tura mai ruwa wata unguwar, in shara ta yi yawa a kwashe a kai bayan gari. Su ina bayan garin? Ruwan daɗin da suke da shi ɗan kaɗan ne a ƙarƙashin ƙasa, in otal ya haƙa burtsatse ya zuƙe don cika kwamin wanka da ban ruwan fulawa, rijiyar ƙauye sai ta koma gishiri. Robar ruwan da ka jefar tana nan ba ta da wajen zuwa. Dabbar da ka firgita ba ta da wani dajin da za ta gudu. Shi ya sa ɓarnar da babban gari zai shanye ko a jikinshi, tsibiri sai ta kwantar da shi.

Ku ɗauki tsibiran Andaman na ƙasar Indiya. Lokacin da Turawan Ingila suka kafa sansani a can a 1858, mutanen asalin da ake kira Manyan Andamanawa sun kai dubbai, yau ba su fi 'yan gomomi ba, kuma ba bindiga ce kaɗai ta cinye su ba, ƙyanda da mura da sauran cututtukan baƙi da jikinsu bai saba ba su suka fi yin aikin. A 2010 wata tsohuwa mai suna Boa Sr ta rasu, ita ce mutum ta ƙarshe mai jin yaren Bo, aka binne ta da yaren gaba ɗaya. Ka yi tunanin a ce kai kaɗai ka rage mai jin Hausa a duniya, ba wanda za ka ce wa ina kwana. Sannan akwai ƙabilar Jarawa (eh sunan ya zo ɗaya da namu Jarawan na nan Bauchi, amma ba dangi ba ne, kar wani ya zo min da gardama a kwament), an fasa titi ta tsakiyar dajinsu, motocin 'yan yawon buɗe ido suka riƙa jerin gwano ana jefa musu biskit da ayaba ta taga kamar yadda ake yi wa birai, har a 2012 wani bidiyo ya fita ana sa matansu rawa don a ba su abinci. Duk wanda ke cikin motocin nan shi ma kuɗinshi ya biya.

Su kuwa mutanen tsibirin Sentinel ta Arewa, nan cikin Andaman ɗin dai, tuni suka yanke hukunci, ba sa son baƙo, galibi wanda ya matso kibiya ce amsarshi, kuma dokar Indiya tun 1956 ta hana kusantarsu. Duk da haka a Nuwamban 2018 wani Ba'amurke, John Allen Chau, ya biya masunta suka kai shi a ɓoye, aka kashe shi, masuntan talakawa kuma su aka kama. A 2025 wani ɗan YouTube ya sake lallaɓawa ya ajiye musu gwangwanin lemo da kwakwa a bakin ruwa don ya samu abin ɗorawa, shi ma aka damƙe shi. Mutane da yawa suna kiran 'yan tsibirin nan marasa wayewa. Ni dai a ganina sun ga abin da ya faru da maƙwabtansu ne, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na san wani zai ce to kai malam so kake kar kowa ya je ko'ina? A'a. Yawon buɗe ido abinci ne, a Zanzibar shi ke riƙe da dubban gidaje, direban tasi, mai kwalekwale, mai gasa kifi, mai sayar da kanumfari. In baƙi suka ɗauke ƙafa yunwa ce, an gani lokacin korona. Magana ta ita ce yadda za a je, da kuma aljihun da kuɗin ke faɗawa. Wanda ya biya komai dunƙule tun daga gida, ya shige otal mai katanga ya ci ya sha ya kwana bakwai bai sayi ko ƙosai a hannun ɗan gari ba (to su ba ƙosai suke yi ba amma kun gane), wannan me ya bar wa gari in ban da shara?

Kuma akwai inda ake yin abin da hankali. A dajin Jozani, nan cikin Zanzibar ɗin dai, akwai wani jan biri da babu irinshi ko'ina a duniya sai Zanzibar, har gawayi yake ci don ya kashe dafin ganyen da yake kiwo, ikon Allah. Da can manoma na ganinshi a matsayin ɓarawon gona, da aka fara ba ƙauyukan kewaye wani kaso daga kuɗin shiga sai lissafi ya canza, aka kuma saka tudun rage gudu a titin da ya ratsa dajin don motoci su daina take su. A tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado doka ce ka tsaya nesa da dabba aƙalla mita 2, kuma a 2024 suka ninka kuɗin shigan baƙo daga dala 100 zuwa 200, masu ƙorafi suka yi suka gaji. Tailan ta rufe gaɓar Maya a 2018 bayan wani fim ya sa dubban mutane na tururuwa kullum jiragen ruwa sun ragargaza murjanin ƙarƙashin teku, ba a buɗe ba sai Janairun 2022, kuma da aka buɗe aka ce kallo kawai ban da iyo, ƙananan kifayen shak da suka gudu suka dawo. Amma wanda ya fi burge ni shi ne na ƙasar Palau, wasu tsibirai a tekun Fasifik: tun 2017 in ka sauka, a cikin fasfo ɗinka za a buga maka wani alkawari ka sa hannu, kuma alkawarin ba ga shugaban ƙasa kake yinshi ba, ga yaran ƙasar ne, cewa ba za ka ɓata musu gida ba. Ka ga mutanen da suka san baƙo raɓa ne ɗan gari kaba.

Yanzu bari in juyo da yatsa gida, don in na tsaya a kan ƙanina ban yi adalci ba.

Mu ba mu da teku amma muna da Yankari, kuma in ka duba da kyau Yankari ma tsibiri ne, daji mai faɗin sama da murabba'in kilomita 2,000 da gonaki da ƙauyuka suka kewaye ta ko'ina, giwa ba ta da inda za ta in ta fita sai gonar wani. Tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa jama'a a 1962. Wa a cikinmu bai je Wikki ba, ruwan nan mai ɗumi digiri 31 dare da rana, rani da damina? To ni da kaina, lokacin muna makaranta aka kai mu, na miƙa wa gwaggon biri biredi don abokai su ɗauke ni hoto, muka yi ta shewa. Yau kowa na zagin biran wajen, wai ɓarayi ne, suna fizge leda, suna buɗe ƙofar ɗaki, suna kwashe wa mata abinci a hannu. Wa ya koya musu? Irina. Biri bai san biredi ba sai da muka nuna mishi. Kuma har gobe za ka ga an shigo da lasifika ana ta kiɗa kamar gidan biki, a zubar da ledar fiya wata da robar lemo a bakin ruwan, a hau motar zagaya daji ana ihu sannan a dawo ana cewa ai ba komai a ciki ko giwa ba mu gani ba. Wace giwa ce za ta tsaya maka da wannan hayaniyar?

Sannan mutanen ƙauyukan gefen dajin, wajen Mainamaji da Duguri da sauransu, mu dai wucewa muke a mota da gilashi a rufe. Manomin da giwa ta shiga gonarshi dare ɗaya ta tattake abin da ya wahala a kai tun farkon damina, in ba ya ganin wani amfani daga zuwanmu, da wane baki za ka ce mishi ya so giwa? Haka 'yan uwanmu na Gombe da dorinar Dadin Kowa, mu 'yan birni mu ga bidiyo mu ce kai abin sha'awa a mai da wajen na yawon buɗe ido, shi kuwa mai shinkafa da masunci a bakin dam ɗin kwana yake da fargaba. Duk tsarin da za a yi in ba da shi aka zauna aka yi ba, wlh a takarda zai ƙare.

Kuma muna da tsibirai na gaske ma, a Tafkin Chadi, inda ƙabilar Buduma ke zaune da shanunsu na Kuri masu manyan ƙahonni da ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa. Yanzu rashin tsaro ya rufe wajen, amma in Allah ya kawo zaman lafiya, kuma zai kawo, na san halinmu, mu ne za mu fara cika kwalekwale da 'yan TikTok. Abin da nake tsoro kenan, mu je mu yi wa Buduma abin da muke jin haushi in an yi mana.

Ni abin da na ce wa ƙanina a daren nan ba shi da yawa. In za ka ɗauki mutum ka yi sallama ka tambaya, in ya ce a'a ka mai da wayarka aljihu. Yaran mutane kar ka jefa musu alawa don ka samu bidiyo, koya musu bara kake yi. Abin da ka tarar a ruwa ka bar shi a ruwa. Ɗan jagora ka nemi ɗan garin, kuma kar ka tsaya ciniki da shi kamar kana sayen tumatir a kasuwar Muda Lawal alhali ka ba otal dala ɗaruruwa ba ka ce uffan ba.

Ya ce "Yaya kai dai ka cika tsanani, kowa fa haka yake yi a can." Wani dattijo a majalisar da tun ɗazu bai ce komai ba ya kurɓi shayinshi ya ce mishi "yaro, matar nan da ta rufe fuska ai ta ba ka amsa, kai ne ba ka jin yaren." Aka yi dariya, shi bai yi ba.

Jiya na duba shafinshi, bidiyon matar babu, ya goge. Hoton tauraron a goshi kuwa yana nan daram, laik ɗari huɗu da wani abu, har da na matata.