A Bar Yaran Ƙauye Su Taɓa PowerPoint da Hannunsu

A hutun da ya wuce wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake aji biyu a jami'a, ya same ni a ƙofar gida bayan sallar la'asar. Bayan mun gaisa ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: "Malam, rannan na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba." An ba su aikin gabatar da bayani a gaban aji ta hanyar PowerPoint, wato manhajar kwamfuta da ake shirya shafukan bayani da ita a haska su a bango. Da yake bai taɓa buɗe manhajar ba, sai ya je shagon kwamfuta ya biya kuɗi aka haɗa masa shafuka goma sha biyu. Ranar da ya tsaya a gaban mutane bai san madannin da zai taɓa shafi ya wuce ba, kuma da malaminsu ya tambaye shi ma'anar wata jimla da ke jikin bango, ya kasa amsawa, domin ba shi ya rubuta ta ba. Wannan yaro yana cikin masu ƙoƙarin da na koyar a makarantarmu da ke wani ƙauye a ƙasar Gumel, kuma ni ne na ba shi maki mai kyau a darasin kwamfuta. Tun daga ranar maganar ba ta bar raina ba.

Duk malamin da ke koyarwa a karkarar Jigawa ko Kano ya san yadda muke gudanar da wannan darasi. Mukan ɗauki alli mu zana fuskar kwamfuta a kan allo, mu rubuta sunayen sassanta da Turanci, yara su kwafe a littafi, su haddace, su zuba mana a takardar jarrabawa, mu ba su maki. Yaro yakan gama sakandare yana iya kawo ma'anar manhajar gabatar da bayani ba tare da kuskure ba, alhali bai taɓa ganin shafi ɗaya nata yana motsi ba. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, amma har yau akwai yaranmu da ranar jarrabawar ce rana ta farko da hannunsu yake taɓa linzamin kwamfuta.

Abin da muke ɗauka baƙo ya ma girmi yawancin matasan malamanmu. A 1987 wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Forethought ya fitar da PowerPoint, kuma a cikin shekarar Microsoft ya saye shi. Tunanin da ke bayansa kuwa iyayenmu sun san shi tun zamanin majigi, lokacin da mota kan iso gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna hotunan noma ko na tsafta, wani mutum yana gefe yana yi wa jama'a bayani da Hausa. Hoto a bango, mutum a tsaye yana magana: aikin ke nan. Bambancin kawai shi ne yau ɗan shekara goma sha huɗu zai iya shirya nasa majigin da kansa.

Abin da ɗalibi yake buƙata ya sani na danne-danne bai taka kara ya karya ba. Ya iya buɗe sabon shafi, ya sa kan magana, ya ɗora hoto, ya ƙara girman rubutu yadda na bayan aji zai iya karantawa, ya adana aikinsa da sunan da zai gane, sannan ya san cewa madannin F5 ne yake fara nuni. Darasi uku ko huɗu sun isa, matuƙar yaro ne yake dannawa ba malami ba. Abin da yake ɗaukar lokaci, kuma shi ne dalilin da ya sa nake wannan rubutu, shi ne yanke shawarar abin da za a sa a shafin da abin da za a bari a baki. Shafi ƙarami ne, ba ya ɗaukar surutu. Idan aka ce wa yaro yana da shafuka shida da minti biyar, dole ya zauna ya tambayi kansa mene ne farkon maganarsa, mene ne ke bin sa, wane ne ginshiƙi, wane ne ƙari. Yaron da ya saba kwafe duk abin da ya gani a allo bai taɓa fuskantar wannan tambaya ba. A ganina babu wani darasi a jadawalinmu da yake tilasta wa ɗalibi tsara tunaninsa cikin sauƙi irin wannan.

A zangon da ya gabata na gwada da 'yan aji ɗaya na babbar sakandare, da kwamfutata ta hannu guda ɗaya da wayata. Na raba su rukuni-rukuni, na ce kowane rukuni ya zaɓi abin da ya sani daga gida, kuma ya yi bayaninsa da Hausa. Maza suka ɗauki noman riɗi, tun daga shuka har zuwa ranar da ake loda buhuna a nufi kasuwar Maigatari. Wata yarinya, wadda shekara guda ban taɓa jin muryarta a aji ba sai wajen kiran suna, ta jagoranci rukuninta a kan yadda mahaifiyarta take yin ƙuli-ƙuli. Da izinin gida ta ɗauko hotuna: gyaɗa a kasko, niƙa a inji, matsar mai, tunkuza a akushi, da ƙuli yana soyuwa. A shafi na ƙarshe ta jera kuɗin gyaɗa da na niƙa da na itace, ta cire su daga kuɗin mai da na ƙuli, ta nuna ribar tiya ɗaya. Da wani yaro ya ce ta manta ladan mai talla, ta tsaya ta yi lissafi a gabanmu ta gyara. A cikin minti biyar ta yi lissafi, ta yi tattalin gida, ta yi magana a bainar jama'a, kuma ta karɓi gyara ba tare da ta rikice ba. Mun ci karo da matsala guda da ya kamata malamai su sani: wasu nau'o'in rubutu na ado ba sa nuna ƙ da ɗ da ɓ, sai su fito da ɗan akwati a gurbinsu, saboda haka gara a tsaya a kan nau'in rubutu mai sauƙi, a kuma duba kafin ranar nuni.

Na san abin da 'yan uwana malamai za su ce, domin ni ma na sha faɗa: ina wutar, ina kwamfutocin? Gaskiya ne, kuma haƙƙi ne a kan hukuma ta samar da su. Amma jiran ranar da za a cika mana ɗaki da na'urori ya riga ya cinye yara aji bayan aji. Akwai wasu manhajoji masu yin aikin PowerPoint: WPS Office tana aiki a wayar Android ba tare da data ba, LibreOffice Impress kyauta ce ga mai kwamfuta, kuma wanda ya iya ɗaya ba zai sha wuyar sauran ba. Na'urar haska bango ma ba dole ba ce. Mu talabijin ɗin gidan kallon ƙwallo muka aro, tunda da safe a rufe yake, mai gidan kuma ya ba mu da zuciya ɗaya da ya ji ƙaninsa yana cikin masu gabatarwa.

Ƙorafin da ya fi nauyi a wurina shi ne na masu cewa yaran da ba su iya karatu sosai ba, me za su yi da PowerPoint? Wannan ciwo ne na gaske, kuma ba na cewa a ajiye koyar da karatu domin a koyar da shafuka. Abin da na gani da idona shi ne, yaron da ya san za a haska rubutunsa a gaban abokansa yakan duba kalma ɗaya sau uku, ya zo ya tambaye ni ko daidai ya rubuta, abin da ba ya yi a littafin aikin gida. Akwai kuma masu fargabar cewa tsayuwa a gaban manya za ta cire wa yara kunya, musamman mata. Kunya ado ce, kuma yarinyar da na ambata ta yi bayaninta cikin hijabinta da ladabinta. Gobe ita ce za ta iya zama ma'aikaciyar lafiya da za ta tara matan garinmu ta yi musu bayanin rigakafi, kuma ba na son ta koyi buɗe baki a ranar da aikin ya riga ya hau kanta.

Sharaɗi biyu na gindaya wa ɗalibaina, kuma ina roƙon duk wanda zai gwada ya riƙe su. Ba a yarda a kwaso rubutu daga intanet a zube a shafi ba, kuma duk wanda ya gama sai ya amsa tambaya biyu daga aji. Yanzu da ake da manhajojin da ke haɗa shafuka cikin ƙiftawar ido, tambayar ce kaɗai take bambanta wanda ya fahimta da wanda aka yi wa. Rubutu mai tsalle-tsalle da launuka barkatai kuwa nakan bar su su yi wasa da su rana ɗaya su more, daga nan mu ajiye.

Roƙona yana ga 'yan garuruwanmu da ke aiki a Dutse da Kano da Abuja, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai. Da yawanku kuna da tsohuwar kwamfutar hannu a cikin durowa wadda kuka daina amfani da ita saboda batirinta ya yi sanyi. Ku gyara ta ku miƙa wa shugaban makarantar garinku a gaban kwamitin iyaye, a rubuta ta a littafin kayan makaranta, a kuma yi alkawarin cewa hannun yara za ta shiga, ba ofis za a kulle ta ba. Guda biyar sun ishi aji mai ɗalibai hamsin idan aka raba su gida biyu. Tsohon ɗalibin nan nawa ya riga ya koya a wurin abokin ɗakinsa, kuma ya yi mini alkawarin cewa a hutu mai zuwa zai riƙa zuwa kowace Asabar da safe ya zauna da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare. Zuwa yanzu kwamfuta biyu muke da su.