Ƙannena masu tuƙa kwalekwale, iya ruwa fidda kai ne fa

Assalamu alaikum. Da ku nake samarin bakin ruwa, musamman ku da kuka taso yanzu kuka fara riƙe filafili kuna ji da kanku. Abin da ya zaunar da ni nake wannan dogon rubutun, shekaranjiya da la'asar na sauka bakin ruwa nan wajenmu ƙasar Yauri sai na hango yara biyar cikin wani ɗan kwalekwale da uku ma sun yi masa yawa, ɗaya yana tsaye a goshin jirgi da waya yana ɗaukar bidiyo, sauran suna girgiza jirgin da gangan suna ihu, tsakanin bakin jirgin da ruwa wallahi bai fi yatsu huɗu ba. Na ƙwala musu kira na ce su gangaro, wai sai ɗayan ya ɗaga min hannu ya ce "yaya kar ka damu duk mun iya ruwa". Wannan kalmar ce ta tsaya min a rai har yau.

Ni ma na taɓa faɗinta ai. Ina ɗan shekara 17 lokacin, cikin hunturu, muka fita da asuba ni da abokina duba kali, wato ragar kamun kifi, ina sanye da riga biyu da wata jibgegiyar rigar sanyi, na miƙe tsaye zan jawo igiya shi kuma ya karkato gefen da nake, shikenan sai ganinmu muka yi a ƙasan jirgi. Ni da nake ƙetare ruwa da iyo don wasa, ranar kasa numfashi na yi, sanyin ruwan ya sa na ja iska da ƙarfi ba da sona ba na haɗiyi ruwa, kayan jikina suka jiƙe suka nannaɗe min hannu, na manta duk wani iyo da na sani. Abin da ya cece ni bayan ikon Allah shi ne abokina ya riƙe jirgin bai sake shi ba, ya miƙo min filafili na kama. Jirgin katako ko ya kife ko ya cika da ruwa yawanci ba ya nutsewa ƙasa gaba ɗaya in babu inji ko kaya mai nauyi a ciki, yana nan yana yawo a sama, to shi ne gorarka a ranar. Kuma masu neman ku sun fi saurin hango jirgi a kan su hango kan mutum. Amma me yaro ke yi in jirgi ya kife? Sai ya hango gaɓa ya ga kamar ga ta nan kusa ya saki jirgi ya kama iyo, alhali ido yana ƙarya a kan ruwa, abin da ka ɗauka taku hamsin ne sai ka tarar ya ninka haka, ga igiyar ruwa tana janka gefe, kafin ka kai rabi hannu ya mutu.

Don haka duk wanda bai taɓa kifar da jirginsa da gangan ba a wuri mara zurfi, inda ruwa bai wuce ƙirji ba, da babba tsaye kusa, ya koyi yadda ake riƙe shi da yadda ake jijjiga shi gaba da baya ruwan ya fita a kwarfe sauran da ƙwarya ko yankakkiyar jarka, a kuma koma ciki ba tare da an sake kifar da shi ba, ni a wurina bai fara koyon tuƙi ba tukuna, yana dai yawo ne a kan ruwa.

Shi tuƙin kansa ba wani abu ne mai wuya ba in ka yarda a koya maka. Shiga jirgi ma darasi ne, ƙafa a tsakiya, hannu biyu a gefe da gefe, jiki a sunkuye, ka zauna kafin na bayanka ya shigo. Iyakar yadda nauyinka ya yi ƙasa iyakar yadda jirgi zai daidaita, shi ya sa durƙuso ko zama a ƙasan jirgi ya fi zama a kan buhu. Eh na sani za ku ce ai tsofaffi a tsaye suke tuƙi da gwangwala, gaskiya ne, amma mutumin nan shekara arba'in yana yi kuma a wuri mara zurfi yake yi inda sandar ke taɓa ƙasa, ba a tsakiyar kogi da waya a hannu ba. Filafili kuma ba da ƙarfin dantse ake jansa ba, da ƙugu da baya ake ja, ka nutsa bakinsa duka cikin ruwa kusa da jikin jirgi ka juya jikinka, in ya zo daidai ƙugunka ka ɗan murɗa shi waje kaɗan, wannan murɗawar ce ke sa jirgi tafiya sak ba sai kana canja hannu kowane tuƙi biyu kamar mai tuƙin tuwo ba. Na baya shi ne direba, na gaba shi ne ido, shi zai ce ga kututture ga kainuwa ga taru. In za ku ƙetare ruwa mai gudu kar ku nufi inda za ku kai tsaye, ku karkata goshin jirgi sama wajen da ruwan ke fitowa, ruwan da kansa zai gangaro da ku mashigi. In kuma babban jirgi mai inji ya wuce ya taso da igiya, ku juya goshi ku fuskance ta a ɗan karkace, kar ku bari ta same ku a haƙarƙari, nan ne ake kifewa.

Ku da kuke birni kuna zuwa irin tafkin Jabi a Abuja ko Legas kuna hawa kayak, wancan siririn jirgin roba mai filafili baki biyu wanda asalinsa na mutanen Inuit ne can yankin ƙanƙara, abin da na faɗa ya shafe ku har ma ya fi, don shi ya fi namu saurin juyewa. Kafin ka biya kuɗi ka hau ka tambayi mai wurin ya nuna maka yadda ake zare ƙafa a fito in ya kife, in ya tsaya yana maka dariya ka karɓi kuɗinka.

To yanzu maganar rigar ruwa, laif jaket, wadda na san nan ne za mu ɓata da wasunku. Wai abin kunya ne ɗan bakin ruwa ya sa ta, wai ta baƙi ce da 'yan birni da ma'aikatan gwamnati, wai rashin tawakkali ne. Haba ƙannena. Masunta a Argungu ranar bikin kamun kifi a Matan Fada me suke rungumewa in ba gora ba? Kakanninmu sun san jiki na gajiya shi ya sa suka nemi abin da zai riƙe su a sama, rigar nan gora ce kawai da aka ɗinka ta zama riga. 'Yan wasan da suka wakilci Najeriya a gasar Olamfik, irin su Jonathan Akinyemi da ya yi tseren kayak a Landan a 2012 cikin ruwa mai gudu, da rigar da hular kwano ya shiga, shi bai iya ruwa ba ne? Iyo yana amfani ne in kana cikin hayyacinka, to in jirgi ya buge ka a kai fa, ko jijiya ta ɗaure maka a ƙafa, ko wani da ya firgita ya maƙale maka wuya? Kuma sa ta ake yi a zuge zif a ɗaure igiyoyi, ba a zauna a kanta don katako ya yi tauri ba, ba a rataya ta a kafaɗa kamar gyale ba. Gwajinta mai sauƙi ne, ka sa ka ɗaure wani ya kama kafaɗun rigar ya ja sama, in ta haura kunnenka ta yi maka yawa, a ruwa zare ta za ka yi. Wadda soson cikinta ya mutu ya lotse ita ma hoto ce. Mai kuɗin sayen data duk sati da canja waya duk shekara kar ya ce min ba shi da kuɗin riga. Maganar tawakkali kuwa malamai sun gama ta tuntuni, Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Laya da wani maganin ruwa da aka ba ka ka sha, wannan tsakaninka da wanda ya ba ka, ni dai na ga an yi jana'izar masu su.

Kuma ku daina ganin kamar labari ne. Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgin da ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zuwa Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ya tarwatse da mutum sama da 150, waɗanda aka fitar da rai ashirin da 'yan kai ne, nan kusa da mu fa. Ƙarshen Nuwamba na shekarar a dam ɗin Watari da ke Bagwai jihar Kano, 'yan Islamiyya ne za su Mauludi, aka rasa aƙalla 29 yawancinsu yara. Yunin 2023 a Patigi jihar Kwara, 'yan biki ne ke dawowa cikin dare, sama da 100. Oktoban 2024 ga na Gbajibo wajen Mokwa, shi ma dare. Allah ya jiƙansu ya sa sun huta. Waɗannan manyan jirage ne na haya ba irin naku ba, amma ku duba abin da ke maimaituwa, lodi fiye da ƙima, dare, ba riga, kuma shi ne dai na gani cikin ɗan jirgin yaran nan shekaranjiya, dare ne kawai bai yi ba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare daga shida na yamma zuwa shida na safe, mutane na ta ƙorafi, ni ma akwai abubuwan da nake ƙorafi a kai game da yadda ake aiwatarwa, amma wannan dokar kam tana kan gaskiya.

Dalili kuwa ruwanmu ba fili ba ne. Tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya shanye tsohuwar Bussa da ƙauyuka da gonaki da daji guda, itatuwan nan da yawa suna nan tsaye a ƙarƙashi, in ruwa ya ja baya sai kawunansu su matso sama dab da inda cikin jirgi ke bi, da rana ma sai mai ido, bare da dare. Sannan kogin Neja cika biyu yake yi, akwai ta damina mai ruwan laka da ke zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba, akwai kuma wadda ke isowa cikin rani wajen Disamba zuwa Fabrairu, ruwan da ya sauka can ƙasar Gini ne ya biyo ta Mali da Nijar ya ɗau watanni a hanya, shi ya sa za ka ga ba ruwan sama ba hadari amma kogi ya ƙaru, wurin da ka sani wata biyu baya ya zama wani wuri daban. Ku da ke ƙasan dam, ko Jebba ko Shiroro ko Goronyo ko Bakolori, in aka buɗe ƙofa ruwa ba ya sallama. Ka tambayi tsofaffin mashigi da Sarkin Ruwa kafin ka shiga inda ba ka sani ba, su ne suka san inda dorina ke kwana, kuma dorina mai ɗa ba a gwada mata jarumta, a ba ta hanya nesa kawai. Hadari in ya haɗo daga gabas iska ce ke riga ruwan sama isowa, da ka ga gabas ta yi baƙi ka nemi gaɓa mafi kusa ko da ba taku ba ce. Itacen da ya faɗo cikin ruwa mai gudu ku yi nesa da shi, ruwa na wucewa ta cikin rassan amma mutum ba ya wucewa, danne shi yake yi a jiki. In ka faɗa ruwa mai gudu kar ka yi ƙoƙarin tsayawa da ƙafa, dutse ko saiwa na iya riƙe ƙafar ruwa ya kwantar da kai, ka kwanta rigingine ƙafafu na gaba har ka samu inda ya lafa.

Masu shan ƙwaya da sirof su hau ruwa ba zan ma ɓata baki ba, kar ka hau, kar ka bari ya hau da kai, ko ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Saura abu ɗaya da ke cin samari masu zuciya, ceto. Wanda ruwa ke ci ba ya ihu irin na fim, shiru yake yi, kai a ɗage baki na shiga ruwa yana fita, hannu na dukan ruwa kamar mai hawa tsani, cikin minti ɗaya ma ana iya rasa shi. In ka gani kar ka yi tsalle ka rungume shi, wanda ya firgita ƙarfinsa ya fi naka kuma kanka zai hau, sau nawa ana fitar da gawa biyu maimakon ɗaya. Miƙa masa filafili ko gwangwala kana kwance ko a durƙushe, ko ka jefa masa igiya, ko jarka mai lita 20 da ba komai ciki a rufe da murfi, wannan ta isa ta riƙe kan babban mutum a sama, shi ya sa nake cewa kowane jirgi ya ajiye guda ɗaya ɗaure da igiya. In ya iso jirgi ya kama ta goshi ko ta baya a ja shi gaɓa, ba ta gefe ba.

In an fito da shi kuma don Allah a daina wannan abin na danna ciki ko ɗaga mutum a kife wai a zubar da ruwa, ɓata lokaci ne kuma amai zai taso ya toshe masa hanyar iska. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗaga haɓarsa a duba ko yana numfashi. In ba ya yi, a toshe hancinsa a hura masa iska a baki sau biyar ana kallon ƙirji na tashi, sannan a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi da sauri sau 30, a hura sau biyu, a sake 30, haka haka ba tsayawa, wani kuma ya ruga neman mota ko mashin ko ya kira 112 in akwai sabis. In yana numfashi a juya shi ya kwanta ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. Ko ya tashi ya ce garau yake a kai shi asibiti, don ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da matsala bayan wasu awanni, musamman in yana tari ko numfashi na masa wuya.

Yaran nan biyar na san gidajen uku daga cikinsu. Na riga na yi magana da baban ɗaya, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za mu haɗu a wurin nan mara zurfi kusa da inda mata ke wanki, zan zo da riguna biyu da nake da su da tsohon jirgina mu kifar da shi mu tayar har sai kowa ya iya. Wanda ke kusa yana so ya zo, ya taho da gajeren wando da jarka, wayar kuma a bar ta gida.