Halal ne, amma ya dahu?

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa.

Duk lokacin da aka ce akwai ciwon hantar da ake ɗauka daga alade, sai ka ji ɗan'uwa ya yi hamdala ya ce, "Ai mu Allah Ya tsare mu, ba ma cin sa." Gaskiya ne, kuma ni'ima ce da ta cancanci godiya. Amma a tsaya a ji sauran zancen kafin a miƙe ƙafa.

Wannan ciwo, wato ciwon hanta nau'in E, kashi-kashi ne. Wani kashin tsakanin mutane kawai yake yawo, ta ruwan sha da bayan gida ya gurɓata, kuma shi ne ya fi yi wa masu juna biyu illa. Wani kuwa a jikin dabbobi yake zaune: alade, aladen daji, barewa, zomo. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne dabbar ba ta nuna alama. Tana kiwonta, ƙiba tuɓus, ido garau, alhali ƙwayar cutar na cikin hantarta da jininta da kashinta.

A shekarar 2003 likitoci a Jafan suka ba da labarin wasu mutane da suka kwanta da wannan ciwo bayan sun ci ɗanyen naman barewa. Da aka gwada ragowar naman da suka ajiye a firiza, sai ga ƙwayar cutar iri ɗaya da ta jikinsu. A 2016 kuma aka bayyana labarin wani mutum daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da aka yi wa dashen hanta, mai yawan cin naman raƙumi da shan nononsa, aka same shi da nau'in da ke jikin raƙuma. To, barewa haramun ce? Raƙumi fa?

Shi ya sa nake yawan komawa ga aya ta 168 a Suratul Baƙara, inda Allah Maɗaukaki Ya umarci mutane su ci daga abin da ke cikin ƙasa "halalan ɗayyiban". Kalmomi biyu ne. Mun riƙe ta farko kam-kam, muna tambayar wa ya yanka, ya ambaci sunan Allah ko bai ambata ba. Madalla. Ta biyun ce muke wa riƙon sakainar kashi. Bismillar mahauci tana halatta nama, amma wuta ce ke kashe ƙwayar cuta, kuma dukkansu cikin tsarin Allah suke.

Dubi yadda abin ke faruwa a madafa. An ɗora hanta a wuta mai ƙarfi, bayanta ya yi baƙi, ƙamshi ya tashi, yunwa na cin kowa. Aka sauke, aka tsaga, tsakiyarta jajawur, wani ruwa-ruwa na tsattsafowa. Sai wani ya ce ai a haka ta fi daɗi, ta fi ƙara jini. Binciken masana ya nuna sai zafi ya ratsa har cikin naman, ya kai digiri 71, ya ɗauki kamar minti 20, sannan a samu natsuwa. Ga kuma wuƙar da aka yanka ɗanyen naman, an ɗan goge ta da tsumma an yanka ganyen da za a ci ɗanye, a kan katako ɗaya. Mai fiɗa da mafarauci su ma suna cikin haɗari, musamman idan akwai yanka a hannu, ko a tashi daga aiki a kai loma baki ba a wanke da sabulu ba.

Kuma ciwon ba ya gaggawa. Yakan yi mako 2 zuwa 10 kafin kasala da tashin zuciya su zo, fitsari ya yi duhu, ido ya yi rawaya, a ce shawara ce. Wa zai tuna naman da ya ci wata guda da ya wuce? Mafi yawa suna warkewa da kansu. Amma mai raunin garkuwar jiki, ko wanda dama hantarsa ba lafiya, zai iya jin jiki sosai. Idan ka ciyar da irinsa ɗanyen abu saboda gaggawa, amanar da aka ba ka fa?

Har ɓera bai fita ba. A 2018 aka tabbatar a Hon Kon cewa wani mutum ya kamu da nau'in da ke jikin ɓeraye, abin da a da ake zaton ba ya kama ɗan Adam. Da na ji haka sai na tuna umarnin Manzon Allah (SAW) cewa a rufe ƙorai, a ɗaure bakin salkar ruwa idan dare ya yi. Na kuma tuna da aka tambaye shi game da ɓeran da ya faɗa cikin man shanu, ya ce a jefar da shi da abin da ke kewaye da shi. Yau da dare, kafin ka kashe fitila, leƙa madafa ka ga ko tukunyar nan a rufe take.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.