Buhu na shida

Waɗanda suka zo gidana Asabar ɗin bayan Babbar Sallah sun riga sun baza labarin, kowa da irin gishirin da ya ƙara, don haka gara ku ji daga bakin mai shi.

A watan Mayun 2024, Madam ta ofishinmu, 'yar Kwoi, ta kawo min irin citta daga gida. Kun san tun da cuta ta cinye cittar Kudancin Kaduna a 2023 iri ya yi tsadar da ba a magana, saboda haka kyauta ce babba. Tafin Giwa ce, mai kauri da rawayan ciki, ba siririyar Yatsun Biri ba. Na yi mata duk abin da ya kamata. Na yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace kamar babban yatsa mai ido biyu, na barbaɗa toka a bakin yankan, na bar ta kwana biyu a inuwa ya bushe, domin in ka binne ta da ɗanyen yanka ta nan ruɓa ke shiga. Buhu shida, kowanne na huda masa wajen goma a gindi. Ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen kashin shanu kashi ɗaya, ɓuntun shinkafa kashi ɗaya don kada ta danƙare. Gunduwa uku a buhu, zurfin santimita 5, ido na kallon sama, taƙi guda a tsakani, na lulluɓe da busasshen ganye. Sati uku ta fara leƙowa. A sati na shida na ba kowane buhu takin NPK cikin gidan ashana, nesa da kara. Duk sanda yatsu suka leƙo waje sai in ƙara ƙasa. Disamba ganye ya yi rawaya ya kwanta, na farke buhu biyar, kowanne ya ba ni fiye da kilo. Daga ranar ba a sake jin kunne da ni a ofis ba.

Na shidan na bar shi, saboda fure nake so. Citta tana fure, amma da wuya mai haƙe ta duk shekara ya gani, sai wanda ya bar gindin ya kwana a ƙasa ya tsufa. Da hunturu ba mutuwa take yi ba, kwanciya take yi, kuma a lokacin ba ta son ruwa, in ka matsa mata sai ta ruɓe. Na jingina buhun da katanga, na daina ba shi ruwa, na kuma lulluɓe samansa don zafin bazara. Da me na lulluɓe? Ƙaiƙayin gero, wanda aka kawo wa kajin uwargida. Ku riƙe wannan.

Ruwan farko ya sauka farkon Mayu. Kwana huɗu na ga tsiro. Ni da bakina na sha gaya wa mutane cewa citta ba ta gaggawa, sati biyu zuwa huɗu take yi, wani sa'in har shida, kuma tana fitowa da kauri, a naɗe, da tsini kamar bakin fensir. Wannan kuwa siri-siri ne kamar gashin baki, ya fi arba'in. Na ce ai tsohon gindi ne, ƙarfi gare shi. Ganyen citta jere yake hagu da dama a kan kara, sumul, kamar tsani. Wannan ganyen dogo ne, da kaushi, yana tasowa a tari. Na ce shekara ta biyu ai dole a ga canji. Na ba shi taki har gidan ashana biyu. Na ja buhun ƙarƙashin mangwaro, tunda citta ranar safe take so da inuwar azahar.

Baba mai gadi ya tsaya yana kallona ina jan buhu. Ya ce, "Yallaɓai, ba ya son inuwa fa."

Na ce, "Baba, ba ta son inuwa za ka ce. Kuma tana so."

Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Mutumin da aka haifa a Gumel, ya yi furfura a gona, na tsaya ina gyara masa Hausa. Sau uku muka yi wannan maganar a cikin wata guda, sau ukun duk ina gyara masa.

Ranar Asabar ɗin sun zo su shida. Madam, abokan nan biyu na ofis da kuka sani, ƙanin uwargida, Baba yana kan bencinsa, sai Alhajin layinmu wanda ban gayyata ba, motoci ya gani ya shigo. Uwargida ta kawo zoɓo mai sanyi, ya ji citta har yana kama maƙogwaro. Shukar ta kai min gwiwa har ta ɗara. Na ɗauki sanda ina nuni kamar malamin gona. Na ce kada ku sa ido a saman kara, furen citta ba a nan yake fita ba. Wani ɗan kara ne daban marar ganye ke tasowa daga saiwa, ya yi kai kore mai ɓawo hawa-hawa, sai ƙananan furanni su riƙa leƙowa ta tsakani, rawaya-rawaya da leɓe ruwan hoda mai duhu, ɗaya-ɗaya, ba sa daɗewa. Na ce nan da Agusta ko Satumba zan kira ku. Har na nuna musu daidai inda nake sa ran zai ɓullo.

Madam ba ta ce komai ba tun da ta shigo, kuma kun san ba halinta ba ne. Ta ajiye kofi a kan windo. Ta zaga buhun sau ɗaya. Ta sunkuya ta tsinki ganye, ta murza a tafin hannu, ta sansana. Ta sake murzawa. Sannan ta miƙo min da hannu biyu, cikin ladabi, kamar mai ba da goron gayyata.

Wannan gwajin ni nake koya wa mutane. Ganyen citta ko ƙarami ne in ka murza ƙamshinta za ka ji. Sati shida ina kwana ina tashi da buhun nan ban taɓa murza ganye ɗaya ba. Na kai hanci. Ciyawa. Na sake kaiwa. Ciyawa dai, irin wadda ake yanko wa rago.

Na ce, "Mura nake yi."

Ta ce, "Sannu, Malam."

Ta naɗe hannun riga ta cusa hannu cikin ƙasar. Ya shige har wuyan hannu. Ta lalubo dama, ta lalubo hagu. Ya shige har gwiwar hannu. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙanƙara a kofin Alhaji. Ta zaro hannu ba ko ɓawo. Sai ta kama kara ɗaya ta tuge, ga saiwa nan buzu-buzu kamar gemun bunsuru, ta ɗaga sama kowa ya gani.

Daga benci Baba ya ce, "Yallaɓai, ai na ce ba ya son inuwa."

Ƙanin uwargida, da bai iya shiru ba, ya ce, "Wa ke nan, Baba?"

"Geron mana."

Bari in tsaya a kan Alhaji. Kowa ya yi dariya, ban ƙi ba, har Madam ta juya tana kallon katanga kafaɗarta na rawa. Amma Alhaji sai da hularsa ta faɗi. Ya dafa mangwaro, ya share hawaye da hannun babbar riga, ya ce in na yi girbi kada in manta da zakka, dami ɗaya cikin goma. Wannan mutumin tun Disamba ya ari tiyona, mita ashirin, sabo fil, wai za a wanke motoci don bikin 'yarsa. An yi biki, amarya ta tare, har an fara yi mata sannu da jiki. Tiyo bai dawo ba. Na aika yaro, aka ce Alhaji ya fita. Na sake aikawa, aka ce direba ne ya san inda yake. Ran nan na wuce na hango shi ta ƙofa, an ɗaure tsakiyarsa da robar taya ana ba fulawa ruwa. Duk kwanakin da ruwa ya ɗauke a ƙarshen Mayu da bokiti na riƙa jido wa buhun nan ruwa, ƙuguna har yau bai saki ba. Da tiyon yana hannuna ma dai gero zan ba ruwa, na sani, amma a tsaye zan ba shi.

Saura cittar, ina ta shiga? Na juya buhun, sai ga tsaga a bayansa, ɓangaren da a da yake jingine da katanga, an ɗinke da zaren buhu tsaf. Na ɗago kai, uwargida tana bakin ƙofar kicin da jug a hannu.

Ta ce, "Abban yara, ai ka ce barci take yi. Da azumi citta ta yi tsada, ga kunu kullum, ga zoɓo. Yatsa ɗai-ɗai muke cira."

Na ce, "Duka?"

Ta ce, "A'a, ragowar na fere na shanya. Ita ce ma kuke sha."

Alhaji ya miƙa kofi a ƙara masa.

Madam ta ce, don ta sanyaya min rai, cirewa ta gefe hanya ce mai kyau, in dai za a bar uwar gindin da ido biyu ko uku a mayar da ƙasa. Kuma in zan lulluɓe, in nemi busasshen ganye ko ciyawar da aka yanka kafin ta yi 'ya'ya, domin ƙaiƙayi ba ya rabuwa da ƙwaya. Na ce na sani. Ta ce ta san na sani.

Geron dai ban tuge ba. Baba ya ja buhun rana da kansa, ya rage shi zuwa kara uku, ya yi zangarniya masu kyau, tsuntsaye suka cinye kafin ya nuna. Madam ta ce in ta je gida za ta duba ko akwai iri, amma ba ta sake tayar da maganar ba. Jiya na sake aika yaro gidan Alhaji, an ce ya tafi Kano.