Turancina bai wuce harafin A ba

Shekara 19 ina sayar da dankalin turawa a kasuwar Farin Gada, kuma a tsawon shekarun nan Turancina bai taɓa hana ni cin tuwo ba. "Madam come", "how many bag", "last price", sai "I dash you" idan ciniki ya yi daɗi. Da waɗannan na yi aure, da su na gina ɗaki uku a Rikkos. To ai kun san Jos. Birom, Angas, Jarawa, Ibo, Yarabawa, duk wanda ya shigo kasuwa da Hausa yake taya kaya, da Hausa yake rantsuwa cewa ba shi da canji.

Wani yaro mai difloma ne ya kama rumfar da ke jikin tawa, shi ya tsole mini ido. Mota ɗaya ke sauke mana kaya daga Bokkos, buhunsa da nawa uwa ɗaya uba ɗaya. Amma da zarar ya hango mace riƙe da makullin mota sai ya gyara murya ya ce "premium quality", ta wuce ni kamar ba ta ga mutum ba, ta saya a wurinsa da ƙarin kuɗi, har tana godiya. Na yi wata biyu ina haɗiye wannan abu. Ran da na ga ya samu odar wani gidan abinci, buhu shida duk mako, na ce a raina: Turanci dai ba aljani ba ne, a littafi yake.

Washegari na sauka Taminus, gefen tsohuwar kasuwar nan da ta ƙone a 2002, wurin masu baza littattafai a ƙasa. Mai littattafan ya fara miƙo mini ƙamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, ya ce tun 1965 mutane ke cin moriyarsa, kalma da Turanci, ma'ana da Hausa. Na juya shi a hannu na ji ba nauyi. Na ce wannan na 'yan firamare ne, a ba ni na manya. Ya zaro wani Oxford wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi, nauyinsa ya kai mudu biyu na acca. Na ce yauwa. Abin da bai faɗo mini a rai ba shi ne, wannan ƙamus Turanci yake fassarawa da Turanci. Kamar ka tambayi hanyar Bukuru ne a ce maka tana kusa da hanyar Bukuru.

Na tsara wa kaina rabin shafi kullum bayan sallar asuba. Wanda ya san sanyin Jos a watan Disamba ya san wannan ba ƙaramin jihadi ba ne. Ina ƙudundune cikin bargo, hular sanyi har kunne, kofin shayi a gefe, ina bin layi da yatsa ina motsa baki. 'Yata Hafsa, wadda ke aji uku a ƙaramar sakandare, ta duba shafin ƙarshe ta ga ya haura 1,500, ta ɗauki biro ta yi lissafi a bayan kwalin sukari.

"Baba, a haka sai ka yi shekara takwas da wani abu kafin ka kai Z."

Na ce mata da sannu ƙwai kan yi ƙafa.

Kwana na biyu na gamu da abin da ya kumbura mini kai. Wai "abattoir", mahauta. Na ajiye kofi. Unguwar Abatuwa da nake shiga tun ina yaro, ni duk zatona sunan Birom ne kamar Gyel ko Zawan, ashe Turanci nake yi shekara da shekaru ban sani ba! Ranar duk wanda ya tsaya rumfata sai na tambaye shi ko ya san ma'anar Abatuwa. Wani mahauci ya dube ni ya ce, "Alhaji, lafiya kuwa? Can nake aiki."

Amma akwai matsala, kuma ni na ƙulla ta da hannuna. Na kafa wa kaina doka cewa ba tsallake, kowace kalma ta bi layi kamar a gidan mai. Saboda haka idan ina karanta bayanin wata kalma na ci karo da baƙuwa mai farawa da C ko S, sai in ce mata ki jira, lokacinki bai yi ba, in ɗauki abin da na gane in yi gaba. Da haka na samu "accomplice": mutumin da ke taimaka wa wani. Akwai sauran kalmomi biyu uku a ƙarshen layin, amma 'yan gidan C ne, na bar su. Da haka na samu "abscond": barin wuri a tafi da wani abu, musamman kuɗi. Na ce ai wannan aikin ɗan kasuwa ne na kullum. Ita kuwa "adulterated" ko karanta bayaninta ban yi ba. Tana ƙarƙashin "adult" kai tsaye, ni kuwa na yi ajin yaƙi da jahilci, na san "adult" babba ne. To abin da aka yi wa "adulterated" ai wanda ya girma ne, ya ƙosa, ya cika ido. Na ja mata layi biyu. Ga amsar "premium quality" Allah ya kawo.

A gida na fara gwaji. Maman Hafsa ta yi gwate ranar Asabar, na sha kwano biyu, na share baki na ce mata "adequate". Ta juya ta kalli Hafsa. Yarinyar nan, maimakon ta rufa wa ubanta asiri, sai ta ce, "Wai ya ce ba yabo ba fallasa." Kwana uku ana zuba mini miya ba nama. Da mai hankali ne da ya tsaya nan.

Ana cikin haka wani direba da ke ɗauko mana kaya daga kasuwar Mangu ya raɗa mini cewa wani otal a Rayfield na neman mai kawo musu dankali, ya ba ni lambar manajar. Na kira, da ƙyar na haɗa "good morning" da "potato", ta ce in zo Talata da samfur. Daren Litinin ban yi barcin kirki ba. Na rubuta jawabina a bayan rasit, na haddace shi kamar hadda, har ina gyara tsayuwa a gaban madubi.

Da safe na sa babbar rigar da na yi sallah da ita, na ce wa Sagir, ɗan yayata da ke taya ni zaman rumfa, ya cika ƙaramin buhu da dankali irin Marabel mai kyau. Keke biyu muka hau kafin mu isa. A hanya yaron yake ce mini, "Kawu, da ka yi mata Hausa kawai." Na ce masa ya riƙe buhu ya bar manya da aikin manya.

Ofishin akwai sanyin na'ura a kan sanyin gari. Madam na zaune bayan tebur da tabarau, wani akawu a lungu yana shan shayi yana danna kwamfuta. Na gyara tsayuwa, na nuna buhu.

"Good morning Madam. My potato is fully adulterated."

Ta ɗago kai a hankali. Ta zare tabarau. Na ce a raina, ta ji Turancin da ba ta saba ji a bakin 'yan kasuwa ba.

"Adulterated with what?"

Wannan ba ya cikin rasit, amma ban daburce ba. "With fertilizer, Madam. And Bokkos rain. Every bag."

Akawun nan ya ajiye kofi. Ni kuwa ganin ɗakin ya yi tsit, sai na ƙara wuta. Na dafa kafaɗar Sagir.

"This is my accomplice. Five years we are doing it together."

Sagir ya washe baki ya rusuna, shi ma yana jin an yabe shi. Sai na sauke ta ƙarshe, wadda na fi ji da ita, don in nuna mata mu ba masu ɓata lokaci ba ne:

"Just give us advance, Madam, and we abscond today today."

Shayi ya fito wa akawu ta hanci. Ya tashi yana tari yana dukan ƙirji, ya fita waje, muna jiyo shi a baranda kamar ana yanka akuya. Madam ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take, har na fara tunanin ko na taɓo mata wani mikin. Can ta ɗago, ta share hawaye da gefen gyale, ta ce da Hausar da ta fi tawa daɗi:

"Baba, don girman Allah zauna. Mu yi da Hausa."

Ashe 'yar Bokkos ce. A gonar dankali ta tashi, tun tana 'yar shekara bakwai take bin uwarta tono. Ta sa hannu a buhu ta ɗauki ɗaya, ta murza fatar da babban yatsa, ta ce Marabel ne, amma wannan na gefe Nicola ne, wa ya haɗa su? Kafin in buɗe baki ta kama gindin buhun ta zazzage shi a kan tayil.

Jama'a, ban ce wa Sagir ya yi wa buhu fuska ba. Wallahi ban ce ba. Amma hannun da ya shekara biyar yana jera manya a sama ba ya jiran umarni. Manyan suka fara gangarowa, guda goma sha wani abu, sai ga 'yan ƙanana kamar ƙwan zabo suna bin su a baya, suna shiga ƙarƙashin kujeru. Har da ɗaya mai tabon ruɓa, ya mirgino ya tsaya daidai takalmina.

Madam ta dubi dankali, ta dube ni.

"Baba, ashe Turancinka bai yi ƙarya ba."

A nan ta zauna ta warware mini su ɗaya bayan ɗaya. Na farko, na shaida mata da bakina cewa kayana algus ne, kowane buhu. Na biyu, na gabatar mata da ɗan yayata a matsayin abokin aikata laifi, shekara biyar muna tare. Na uku, na roƙe ta ta ba mu kafin alƙalami mu gudu da shi yau yau. Ta ce shekararta tara tana hulɗa da 'yan kasuwa, ba ta taɓa ganin wanda ya karanta mata takardar tuhumarsa da kansa ba. Gumi ya jiƙa mini babbar riga a cikin wannan sanyi. Sagir kuwa yana rarrafe yana tsinto dankali a ƙarƙashin tebur, yana cewa, "Kawu, ai na faɗa maka."

Da dare na kira Hafsa na ce ta ɗauko ƙamus ta karanta mini layukan har ƙarshe, da 'yan gidan C da 'yan gidan S, kowa ya shigo. Ta karanta, duk yadda Madam ta faɗa haka suke. Sai na ga wata kalma a ƙasan "adulterated" kaɗan, ita ma da "adult" ta fara, wadda da ma na yi niyyar yi wa limamin unguwarmu kirari da ita ranar Juma'a, tunda dattijo ne. Na ce ta karanta mini wannan. Ta duba, ta rufe littafin, ta ce, "Baba, wannan ka tambayi Mama," ta fice. Maman Hafsa ta leƙa wayarta, ta yi salati, ta ɗauke ƙamus ɗin ta ɗora a kan kwaba inda sai na taka kujera.

Don ta lallashe ni, Hafsa ta dawo da labarin cewa su ma Turawan kwasar namu suke yi. Wai babban ƙamus ɗin Oxford ya shigar da Kannywood a 2020, a farkon 2025 kuma aka ba da labarin sun shigar da suya. Na ce me suka ce suya take nufi? Ta ce naman da ake gasawa a tsinke da yaji. Na ce to ai wannan tsire ne! Suya ai ko ƙosai suya ake yi masa. Ashe su ma rabin layi suka karanta suka yi gaba, kuma ba wanda ya zazzage musu buhu a tayil.

Madam dai ta ba ni gwaji, buhu biyu duk mako, bisa sharaɗi uku: a zazzage kowane buhu a gabanta, ba kuɗi sai kaya sun sauka, kuma kada in ƙara yi mata Turanci. Labarin kuwa ya riga mu isa Farin Gada, don akawun nan ƙanin matar wani mai tumatir ne. Yanzu ko yaron nan mai difloma in zai wuce sai ya ce, "Alhaji, yau akwai adaltaretad?"

Sagir ne abin ya fi bi. Sunansa na yanka ya ɓace a kasuwa, kowa Akwamfilis, har masu dako. Shekaranjiya Yaya ta kira ni daga Anguwan Rogo, ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba, ta ce wane irin suna ne na laƙaba wa ɗanta, ko na wani sahabi ne da ba ta sani ba. Na ce mata sunan Turawa ne, ma'anarsa mai taimako. Ta ce to Allah ya sa ya bi sunansa.